Ranar da Kawu Ya Busa Bigila

Shekarar da na fara koyarwa, Nima, unguwarmu ta zango da ke bayan birnin Ankara a bakin teku, ba ta gama zama gari ba. Gidajen ƙasa ne a warwatse da 'yan rumfunan kwano, ciyawa a tsakaninsu, har shanu na kiwo a bayan masallaci. Ana cikin babban yaƙi, ana ta kwasar samari zuwa ƙasar Bama can ƙetaren teku, mutane kuma na ta kwararowa daga Arewa neman aikin kuku da wanki a barikin soja da ke kusa da mu. Yara suka cika unguwa. Iyaye ba sa son kai su makarantun mishan na cikin Ankara don gudun a juya musu addini, sai dattawa suka haɗa hannu suka gina tamu: doguwar rumfa guda, aka rarraba ta da zana, kowane ɓangare ya zama aji.

Mu huɗu ne malamai. Akwai hedimasta, wani dattijon Ba'ankare Kirista mai sanyin hali, wanda ba ya rabuwa da laima ko da rani. Akwai wata tica mace, 'yar ƙabilar Fanti, gajera mai kaifin baki, ita ke riƙe da ƙananan yara. Akwai wani malami Basakkwace da ke koyar da Alƙur'ani da safe, wanda kullum ke dafe kai in ya ji Hausarmu ta zango, don mu sai mu ce "mace ya zo" ko a jikinmu. Sai ni, ƙaraminsu, ina koyar da lissafi, ina ji da wandona na kaki da guga ta kwanta masa.

Manajan makarantar kuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata, tsohon samanjan 'yan sanda. Shi ya ba da filin da aka yi ginin, kuma shi ya iya tsayawa gaban Bature ya yi magana ba tare da tsoro ba, shi ya sa dattawa suka damƙa masa makarantar. A gidansa nake tun rasuwar mahaifina. Kwano ɗaya muke ci.

Wata rana labari ya zo cewa ofishin ilimi ya yarda ya ba makarantarmu kuɗin taimako, karo na farko. Wayyo murna! Muka zauna muna ta rabon abin da bai zo hannu ba. Hedimasta ya ce a fara da rufi, don kwanon tsoho ne aka sayo, duk huda. Tica ta ce benci, yaranta a ƙasa suke zama. Ni alli kawai nake so, na gaji da rubutu da gutsuren farar ƙasa.

Kawu ya tafi cikin gari ya karɓo kuɗin. Da la'asar sai ga shi a gaban wata mota, jar dararsa a karkace, fuska kamar ango. Aka fara sauke kaya. Ganguna ne na badujala, manya da ƙanana, da bigiloli masu ƙyalli, waɗanda bariki ta yi gwanjonsu.

Hedimasta ya matsa a hankali ya ce, "Samanja, kwanon fa?"

"Kwano ba ya gyara yaro," in ji Kawu. "Fareti ke gyara yaro."

Bai tsaya nan ba. Kashegari ya juya mana lokutan karatu gaba ɗaya. Safiya duk ta koma ta maci a fili. Lissafi ya koma tsakar rana, lokacin da kwano ke gasa kai kamar tanda. Karatun Alƙur'ani aka tura shi bayan azahar, sa'ad da yara suka ci suka ƙoshi, suna gyangyaɗi a kan allo. Asabar ma, da muke hutawa, ya ce a zo a yi atisayen ganga. Bai shawarci kowa ba, har hedimasta.

A rumfar mai koko da ƙosai da ke tsallaken rafi, ɓangaren unguwar Mamobi, muka fara ƙorafi. Nan hedimasta ya ba mu labarin yadda malaman cikin gari suka taɓa haɗa kai suka yi ƙungiya a shekarun da aka zaftare musu albashi, har hukuma ta saurare su.

Tica ta ajiye ludayinta ta ce, "To mu me ya hana mu? Ba ƙungiya ba ne mutane ya taru ya ce a'a?"

Malam Basakkwacen nan ya runtse ido saboda Hausar, amma ya ce maganarta dutse ce.

Ban taɓa jin irin abin da na ji a wannan safiyar ba. Ƙungiya! Mu! Muka ta da hannu sama muka rantse, mai koko na kallonmu tana dariya, ta ƙara mana ƙosai kyauta. Da aka zo zaɓen shugaba, hedimasta ya ce shi ya kusa ajiye aiki, ba ya son rigima. Malam ya ce shi baƙo ne a ƙasar. Tica ta ce ita za ta iya sarai, amma Samanja ba ya jin maganar mace sai ta matarsa. Sai duk suka juyo suka zuba mini ido.

"Kai ba zai kore ka ba," in ji Tica. "In ya kore ka, a ina zai kore ka zuwa? Gidansa?"

Haka na zama shugaban ƙungiyar malaman Nima. Na tsallake rafin nan da tsalle ɗaya, na bi hanya ina gaida mutanen da ban sani ba. Har wata akuya na ɗaga wa hannu.

Da safe muna shan koko ni da Kawu a zaure, na gyara murya na ce, "Kawu, ƙungiya ce ta aiko ni."

"Wace ƙungiya?"

"Ta malamai."

"Ku nawa ne?"

"Mu huɗu."

Ya yi dariya har koko ya sarƙe shi. Na jira ya gama tari, na jero masa buƙatunmu: a gyara rufi, a mayar wa hedimasta tsara lokutan karatu, a ba malamai kujera a kwamiti. In ba haka ba, za mu yi yajin aiki.

Ya goge gashin bakinsa ya ce, "A bariki, wannan sunansa tawaye. Miƙo mini ƙosai."

Na miƙa masa.

Matarsa, wadda nake kira Inna, ta jiyo mu daga tsakar gida. Ta leƙo tana riƙe da ciki don dariya. "Yaji? Namiji da yaji? To wa zai je biko?"

Ranar Litinin muka ƙi shiga aji. Muka jeru a bencin mai koko, inda muke hango makaranta sarai, muna jiran mu ga duniya ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Kawu ya fito da tsohon kakinsa da lambobinsa a ƙirji, ya yaye zanan da suka raba azuzuwa, ya haɗa yaran duka wuri guda. Lissafi ma da maci ya koyar da shi: a jera sahu, a cire wasu, a ƙirga saura. Yara suna ta ihu don daɗi. Muna jin muryoyinsu har inda muke.

Hedimasta ya fara juya laimarsa yana cewa ko dai mun yi gaggawa. Ni kuwa kullum in koma gida da yamma in tarar da Kawu a zaure, mu sa hannu a tuwo ɗaya, ya dube ni ya ce, "Shugaba, yaya yaji?" In ce, "Lafiya lau, Kawu. Yaya aji?" Ya ce, "Sai godiya." Amma na lura muryarsa ta fara dishewa, kuma ya daina zama hira bayan magariba.

Ana haka har wata safiya hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin. Kafin yara su gama maci ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka ruga cikin rumfa, Kawu na bayansu. Mu kuma muka takure a ƙarƙashin rumfar mai koko, mu huɗu da laima ɗaya.

Abin da ya faru a ciki, daga baya yaran suka ba mu labari. Rufin ya zama rariya. Ƙasa ta zama taɓo, ba wurin zama, manyan yara suka ɗare kan ganguna. Aka yi tsawa, ƙananan suka fashe da kuka gaba ɗaya, wannan na kiran uwarsa, wannan na son fita bayan gida, wata ta riƙe ƙafar Kawu ta ƙi saki. Ya daka musu tsawa irin ta fareti, kukan ya ninka. Mutumin da ya yi shekaru yana juya ƙartin 'yan sanda, ya rasa yadda zai yi da 'yan yaye. Sai ya fizgi bigila. Niyyarsa ya busa ta su yi tsit. Amma a ruɗe, abin da bakinsa ya tuna shi ne busar da ake yi a bariki in an shiga haɗari.

Mu ba mu san ma'anarta ba. Amma Nima cike take da tsofaffin sojoji da 'yan sanda, su kuwa sun sani.

Sai muka ga ƙofofi na buɗewa. Tsofaffi suna fitowa a guje cikin ruwa, wani da kulki, wani da sanda, wani da buta don alwala yake yi. Wani tsohon kofur mai ɗingishi ya zo wucewa ta gabanmu yana ihu, "An kawo hari! An kawo hari!" Mata kuwa da suka ji ana gudu wajen makaranta sai suka ɗauka gobara ce, suka fito da bokitai da ƙore cike da ruwa, a cikin wannan ruwan saman, suna salati. Tica ce ta fara zabura. "Yarana!" Ta tattare zani ta faɗa cikin rafin. Muka bi ta, har hedimasta, ya manta da laimar.

Muka isa tare da rabin unguwa. Ga Kawu a tsakiyar rumfa, ruwa na ɗiga a kan jar dara yana bin gashin baki, yarinya ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙafarsa, bigila a hannu. Aka yi cirko-cirko. Kofur ya ƙame ya sara masa ya ce, "Samanja, ina abokan gaba?"

Kawu ya dubi taron. Can ya ɗaga bigila ya nuna rufi.

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai san na tsinci kaina a durƙushe cikin taɓo da wandon kakina, hawaye na zuba. Malam, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya jingina da ginshiƙi yana cewa "Subhanallahi" tsakanin dariya. Mata suka zubar da ruwan da suka kawo, suka tara bokitan a ƙarƙashin yoyo. Tica ta tafa hannu ta ja wata 'yar waƙa, nan take ƙananan suka yi shiru suka kewaye ta kamar 'yan tsaki.

Inna ta ratso taro ta tsaya gaban mijinta, ta karɓi yarinyar daga kafaɗarsa ta ce, "Samanja, ga su nan sun zo da ƙafarsu. Sai ka yi bikon."

Tun da dattawan kwamiti duk suna wurin, a jiƙe, sai aka yi zaman a take, a kan ganguna. Aka ce shugaban ƙungiya ya yi magana. Na miƙe, na buɗe baki, duk jawabin da na yi kwanaki ina haddacewa ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ranku ya daɗe, kun dai gani." Wani ɗigo ya sauka a kan hancin limami daidai lokacin. Aka ce magana ta ƙare.

Tica ce ta tsara sauran. Lokutan karatu suka koma hannun hedimasta, Malam ya samu safiyarsa. Fareti ya koma ranar Asabar kaɗai, kuma tsofaffin sojojin suka ce su za su riƙa yi, har suna gardamar wanda zai fara. Aka sayar da manyan gangunan ga wasu makaɗan cikin gari, aka sayo kwano da katako, tsofaffin nan suka hau suka rufa da kansu. Aka ba malamai kujera a kwamiti. Kawu ya ce ya yarda da komai, amma bigila ɗaya tasa ce, ba mai taɓa ta.

Aka yi kwanaki. Sai wata safiya muna taron ƙungiya a rumfar mai koko, muka gan shi yana tsallako rafi, yana tattare riga. Ya zo ya tsaya a kanmu.

"Na koyar a makarantar nan ko ban koyar ba?"

Hedimasta ya ce, "Ka koyar, Samanja."

"To ni ma malami ne. Ku matsa mini."

Muka dubi juna. Na ce, "Kawu, ai ƙungiyar nan don ja da manaja aka yi ta."

"Na sani. Ni ma ina da ƙorafi a kansa."

Aka tambayi Malam hukunci, ya shafa gemu ya ce bai ga abin da ya hana ba. Kawu ya zauna a tsakanina da Tica, benci ya yi ƙara, ya sa aka zubo masa koko. Ƙorafinsa na farko shi ne yaran ajin ƙanana sun yi wa mutum ɗaya yawa, wanda bai tsaya a gabansu ba ba zai gane ba, lalle a ɗauko wa Tica mataimakiya. Muka ta da hannu, kowa ya yarda. Ya ce to, a je a gaya wa manaja, zai kasance a zaurensa bayan la'asar.

Na je na gaya masa. Ya saurare ni da kyau, ya ce zai duba. Bayan sallar layya mataimakiyar ta fara aiki.