Sayen Kujeru a Kano da Mutum Biyu Masu Gaba

Mun tashi da asuba daga Gumel, ana idar da salla muka kama hanyar Kano, mu uku a gaban wata tsohuwar a-kori-kura. Direba yana riƙe da sitiyari, tela ya jingina da ƙofa, ni kuma ina tsakiya, duk sanda aka canja giya sai ta bugi gwiwata. Ba don wurin ya fi daɗi na zauna a tsakiya ba. Mutanen biyu ba sa magana da juna, kuma dalilin tafiyar ke nan.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni ke da gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, da shi nake ci da iyalina. Kwanakin baya ana tsakiyar wasa tsakanin wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, masu jar riga da masu shuɗiya, sai mai ya ƙare a janareta. Kafin in ɗura wani, tela, wanda ɗan shuɗiya ne, ya ce wanda ya zaɓi gwamnatin da ta cire tallafin mai shi ya kamata ya tashi ya sayo. Kowa ya san da wa yake, domin a zaɓen da ya wuce direba ya ɗora lasifika a kan motarsa ya yi ta yawon kamfe. Direba ya ce 'yan adawa ba su iya komai ba sai surutu. Tela ya ce ai gwamnatin direba da ƙungiyarsa mai jar riga halinsu ɗaya, kowace shekara a ce bana ce, a ƙare a ce sai baɗi. Daga nan magoya baya suka shiga, kujeru suka tashi sama. Allah ya taƙaita ba wanda ya ji mummunan ciwo, amma kujerun roba kaɗan ne suka tsira. Mai unguwa ya sa wa wurin kwaɗo, ya ce ba zai buɗe ba sai na kawo sababbin kujeru, kuma sai mutanen nan biyu, waɗanda tare suka taso tun suna yara, sun zo gabansa suna magana da juna. Shi ne ma ya ce su raka ni Kano su yi mini dako. Ga shi kakar wasa ta fara, kowane ƙarshen mako masu kallona suna tafiya wata unguwa.

Damina ta yi kyau bana. Daga Gumel har Gujungu gero ya fi mutum tsawo, wake ya rufe ƙasa. Ita kuwa hanya, inda aka gyara an gyara, inda ruwa ya ci kuma sai a lallaɓa. A wani rami da muka faɗa kan tela ya bugi rufin mota, sai ya ce da ni, "Ka gaya masa ya bi a hankali, ko wannan ramin ma 'yan adawa ne suka haƙa?" Direba ya ce, "Ka gaya masa in bai ji daɗi ba akwai motar haya a baya." Haka na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da kafaɗunsu ke gogar nawa. A Gezawa muka sha mai. Direba ya daɗe yana kallon mitar kuɗin man, tela kuma ya yi tari da gangan.

Hantsi bai yi ba muka shiga Kano ta Yankaba. Wajen Dakata tireloli sun yi layi a gefen titi, wasu ana sauke buhuna, wasu direbobinsu na barci a ƙarƙashi bisa tabarma. Bompai muka fara nufa, domin wani ya gaya mini akwai kamfanin da ke yin kujeru da sauƙi a can. Unguwar ta ba ni tausayi. Tituna ne masu faɗi da manyan bishiyoyi, amma sai ka wuce ƙofar kamfani biyu ko uku da tsatsa ta ci, ciyawa ta fito a harabar, kafin ka ji ƙarar inji a na gaba. Da yawa sun koma sito. Wanda muka zo nema ma haka muka tarar da shi. Maigadin, wani dattijo, ya ce tsadar wuta da ta dizal ta sa sun daina aiki, mu tafi Sharada.

Kafin mu wuce muka zauna wurin wani mai shayi a bakin titin, inda ma'aikatan da suka tashi daga aikin dare ke karyawa. Burodin da na sani mai cika hannu ya koma kamar soso, kuɗinsa kuma ya haura. A nan na fara jin irin musun mutanen masana'antu. Wani mutumin Maraɗi da ke aiki a kamfanin alawa yana cewa masu tafiyar da ƙwallon duniya ba su da adalci, tunda sun hana Rasha buga wasa saboda yaƙi amma ba su hana wasu masu yaƙin ba. Wani ɗan Filato mai kula da inji ya ce hakan gaskiya ne, sai dai shi damuwarsa ita ce 'yan wasanmu da ba sa zage damtse in sun sa rigar ƙasa. Daga nan magana ta koma kan lokacin da aka rufe iyakar Nijar, mutumin Maraɗi ya ce ya yi watanni bai ga iyalinsa ba a kan rigimar da ba shi ya haɗa ba. Ɗan Filato ya ce sojoji ba su dace da mulki ba, mutumin Maraɗi kuma ya ce farar hular ma me suka tsinana. Suka ɗaga murya sosai, har na fara duba inda zan ajiye kofina. Sai kawai na ga ɗan Filato ya gutsuri burodinsa ya tsoma a ƙwan abokin musunsa, suka tashi suka hau babur ɗaya. Abokan tafiyata kuwa bakinsu na ƙaiƙayi, amma kowa yana tsoron kada ya buɗe baki a tarar ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Daga Bompai zuwa Sharada sai an ratsa gari, kuma cunkoson 'yan adaidaita ya ci mana lokaci. Sharada ta fi Bompai rai. Tun daga nesa ake jin warin narkakkiyar roba, ga 'yan kura suna turo tarin bokitai da butoci da takalma, ga mata da matasa suna kawo buhunan tsofaffin robobi ana aunawa. A wani kamfani muka sami kujerun. Farashin ya kusa ninka wanda na sani, kuma mai sayarwar ya ce in na dawo wata mai zuwa ba zai yi mini alkawarin wannan ba. Ya nuna mana iri biyu, mara nauyi da mai ƙwari, na zaɓi mai ƙwari ba tare da na kalli kowa ba. Sai ya tambaye ni launi, ya ce ja da shuɗi ne suka fi yawa. Direba ya ce in gaya wa tela ja ba ya nuna datti. Tela ya ce in gaya wa direba shuɗi ba ya koɗewa. Na sayi farare. Su biyun suka loda su a mota, ɗaya na miƙawa ɗaya na karɓa, ba wanda ya kalli fuskar ɗan'uwansa.

Challawa muka wuce don tabarmin roba da nake shimfiɗawa a gaban talabijin. Wanda bai taɓa zuwa ba, hancinsa ne zai gaya masa ya iso, saboda kamfanonin jimar fatu. Ruwan da ke bin kwata launinsa daban, amma mutanen wurin sun saba, suna cin abincinsu suna hira. Mu ma muka zauna a rumfar wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke sayar da faten acca da shinkafa da wake. Faten ya yi daɗi, ya sha ganye da gyaɗa, kuma a duk tafiyar shi ne abin da ban ji an tsawwala kuɗinsa ba. Matar tana zuba abinci tana musu da kwastomominta a kan 'ya'yan 'yan Najeriya da ake haifa a Turai su zaɓi buga wa can. Ta ce ita ba ta ganin laifinsu, domin ɗanta ya gama karatu yana dako a nan Challawa, in ya samu hanyar fita ita za ta raka shi tasha. Wani ya ce Mama ba ta da kishin ƙasa. Ta ce ya ajiye cokalin ya ci kishin.

Bayan azahar na so mu kama hanya, amma direba ya ce ƙungiyarsa tana buga wasan rana, ba zai tuƙa mota hankalinsa na wani wuri ba. Muka shiga Panshekara, muka sami wani gidan kallo na langa-langa cike da ma'aikata. An riga an dawo daga hutun rabin lokaci, ba wanda ya ci wani. Can kusa da tashi aka ba masu jar riga fenariti. Ɗan wasan ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, sai aka ɗauke wuta.

Mai wurin ya fita tayar da janareta, kuma kamar yadda ake yi a ko'ina, aka shiga zagin gwamnati. Direba ya yi ta daurewa tun asuba, a nan ya kasa. Ya ce da ƙarfi gyara ake yi, kuma gyara sai da haƙuri. Wani matashi ƙaƙƙarfa a layin gabanmu ya miƙe ya juyo.

"Malam, wane haƙurin? Makon jiya aka sallame mu daga aiki, an ce kamfani ba zai iya biyan kuɗin wuta ba. Matata na da ciki. Kai za ka ciyar da ita da haƙurin?"

Direba, maimakon ya yi shiru, sai ya ce ai gwamnatin baya ce ta lalata komai. Wasu mutum uku suka miƙe. Na ga matashin ya damƙi kujerar da ke gabansa zai ɗaga, amma ta ƙi tasowa. Sai a lokacin na lura an zura rodi ta ƙafafun kujerun an ɗaure kowane layi wuri guda. Duk da haka mu baƙi ne, kuma ƙofa tana bayansu.

Tela ne ya tashi ya shiga tsakani. Mutum ne siriri, kansa bai wuce kafaɗar matashin ba.

"Ɗan'uwa, Allah ya ba ka wani aikin da ya fi wancan. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ni na gaya masa abin da ya fi haka, har muka fasa wa wannan bawan Allah kujeru. Amma tare muka zo, kuma ba za a taɓa shi ina tsaye ba. Shi ma wahalar yake sha, motarsa ta fi kwana a fake fiye da kan hanya. Taurin kai ne kawai. Ka dubi ƙungiyar da yake goyon baya, za ka san mutum ne da ba ya gane an cuce shi."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, wasu suka biyo shi. Abin da tela bai lura da shi ba, a ƙarƙashin rigar matashin ta sama jar riga ce. Matashin ya dubi ƙirjinsa, ya dubi tela, ya ce, "To ai ni ma ita nake yi." Dariyar ta ƙaru, shi ma ya ɗan murmusa ya zauna. Janareta ya tashi, hoto ya dawo, aka nuna maimaici: ɗan wasan ya buga ta sama da raga. Direba da matashin suka riƙe kai a tare. Da aka tashi, direba ya bi shi waje ya ba shi hannu, ya ce bai san halin da yake ciki ba, suka ɗan yi magana su biyu.

Muka fito daga gari muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce Jogana direba ya leƙo ta gabana ya dubi tela, ya ce, "Wa ya ce maka motata kwana take yi a fake?" Tela ya ce, "Ta ƙofar shagona kake wucewa a ƙafa kullum." Direba ya ce motsa jiki yake yi. Daga nan suka ɓarke. Suka yi musun tallafin mai, suka yi na kocin da ya kamata a kora, suka yi na 'yan wasan da ke tafiya Saudiyya in sun tsufa, da na ko za a bar talakan Najeriya ya shiga Amurka kallon ƙwallo. A Zakirai muka tsaya la'asar, tela ya sayi gasasshiyar masara ya karya biyu ya miƙa wa direba yana ci gaba da gaya masa bai san komai ba. Ni ba a ko tuna da ni ba.

Kafin magariba muka shiga Gumel, kai tsaye muka nufi ƙofar gidan mai unguwa. Ya fito ya tarar da su suna gardama a kan ko fenaritin nan ma ya halatta. Ya saurara na ɗan lokaci, ya tambaye ni ko wannan ne sulhun. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kun san su, haka suke tun suna yara." Ya shiga gida ya ɗauko mini mabuɗi.

Da na tashi tafiyar nan niyyata in dawo in hana maganar siyasa a gidan kallona gaba ɗaya. Abin da na gani a Bompai da Challawa da Panshekara ya sa na fasa. Mutumin da ya yini a gaban inji, ko wanda aka sallama daga aiki, in ya zauna kallon ƙwallo ba ya barin damuwarsa a waje, kuma ba shi da wani zauren da zai faɗe ta a saurare shi. Na kuma lura waɗanda ke musu kullum sun fi zaman lafiya a kan waɗanda suka yi shiru da juna. Don haka kowa ya zo ya faɗi ra'ayinsa. Amma washegari da safe na kira mai walda, ya zura rodi a ƙafafun kujerun nan farare, ya ɗaure kowane layi da ƙasa.