Gidan da Malam Ƙanƙara Ya Gina a Kan Tudu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sale, wanda mutanen unguwarmu a Garwa suka laƙaba wa Malam Ƙanƙara. Ba don yabo suka sa masa sunan ba.

Ƙanƙara yake sayar wa masu kifi a bakin kogin Binuwai, rediyo kuma ba ya barin kunnensa. A rediyon ya ji cewa ƙanƙarar da ta rufe teku can ƙarshen duniya tana narkewa. Shi ke nan, duk wanda ya zo saye sai ya sha karatu. Yakan ce ita ce farar rigar duniya, tana mayar da zafin rana. In ta yage, baƙin ruwan teku zai shanye zafin, damina ta rikice har nan wurinmu. Mutumin da ko aji uku bai gama ba a lekol, makarantar boko!

Da Baba ya rasu, ya bar mana fili a gangare kusa da kogi. Nan na so mu gina wa Inna gida, ga kasuwa, ga dangi. Hamma ya ƙi. Ya bar filin ana noma albasa, ya je ya gina a kan tudu, cikin duwatsu.

Na ce, "Hamma, saboda ƙanƙarar Turawa za ka kai tsohuwa daji?"

Ya ce, "Ba ta Turawa ba ce, Ladi, ta kowa ce."

Na yi shekara biyu ban taka shagonsa ba. Kunyar sunan nake ji, kuma har yau abin yana damuna.

Damina ta huɗu bayan rasuwarsa, ruwa ya yi jinkiri har shuka ta ƙone, sannan ya sauko gaba ɗaya. Kogi ya cinye gangaren kaf. Ni ba malama ba ce, ba zan rantse ƙanƙara ce ta jawo ba. Amma Inna ko takalminta bai jiƙe ba, kuma iyalan gida huɗu suka yi mako a tsakar gidanta.

Da yana raye, me zai ce? Na san shi, ba zai yi gori ba. Tabarma zai shimfiɗa musu, ya sake karatun daga farko.

Cikin waɗanda suka fake har da Alhaji Garba tela, wanda ya raɗa wa Hamma sunan. Ranar da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafa bangon, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Ƙanƙara."

Ba wanda ya yi dariya. Tun daga ranar ni ma da sunan nake kiransa, da ƙarfi kuma.