Ƙwaryar Ardo

Mahaifina manomi ne kawai a wani ƙauye kusa da Darini, ba shi da sarauta. Amma duk ranar da shanu suka shiga gonar wani, shi ake kira. Yana da sanyin hali. Yakan bar mutum ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, sannan ya tambaye shi lafiyar iyali.

Amininsa shi ne Ardon rugar da ke hayin rafi, ta wajen Safana. Bayan girbi shanun Ardo su ci kara a gonarmu, su bar mana taki. Kowace Juma'a matarsa takan aiko da ƙwaryar nono, mu kuma mu mayar da ita da gero a ciki. A wajenmu ba a mayar da ƙwarya wayam sai in an yanke zumunci.

"Kaɗo, geron nan naka rabinsa tsakuwa ne," Ardo yakan ce.

"Nononka ma ruwan rafi ne, ga shi muna sha," in ji Baba. Sai su yi ta dariya.

Ni ban gaji halinsa ba. A daminar da ya kwanta ciwo, shanun rugar suka shiga gonata suka cinye mini wake. Lokacin an fara satar shanu da tare hanya daga wajen daji, zukata sun yi zafi, har wasu a garinmu suna zancen ƙona rugar. Dattawa suka sa ranar zaman sulhu a Batsari. Ardo ya aiko cewa zai zo da mutanensa muddin Baba yana nan a kan amana.

Ranar Juma'a ƙwarya ta zo kamar kullum. Baba ya sa aka cika ta da gero har baki, ya kira ni.

"Kai za ka kai. Gonarka aka ci. In ya gan ta a hannunka, ya san magana ta mutu."

Na ce to. Hanyar ta bi ta gefen gonata. Na ga sawun kofato a kan kunya, raina ya sake ɓaci. Na juye geron a gindin wani kalgo, na mayar da faifai na rufe.

Na tarar da Ardo zaune a kan buzu. Muka gaisa, ya tambayi jikin Baba har sau uku. Da na miƙa masa ƙwaryar ya ɗaga faifan, ya duba, ya mayar a hankali.

"Shi ya aiko ka, ɗana?"

"Shi ne."

Nufina ya ji zafi na yini ɗaya, kamar yadda na ji.

"To. Ka ce masa na gani. Allah ya ba shi lafiya."

Bai zo zaman ba. Dattawa sun jira shi har la'asar, masu son faɗa suka ce, "Kun gani ko?" Kafin kaka rugar ta tashi ta yi yamma. Daga baya, in an ɗauke mutum a hanya ko an kore garke, ba mu da wanda za mu aika wa magana a hayin. Ban ce ƙwarya ɗaya ce ta jawo duk abin da ya sami ƙasarmu ba. Amma ƙauyenmu yana da ƙofa guda, ni na rufe ta.

Baba ya yi wata biyu yana tambaya duk Juma'a ko nono ya zo. A ta ƙarshe ya riƙe hannuna.

"Ka dai ba shi hannu da hannu?"

"Na ba shi, Baba."

Ya saki hannuna. "To, ƙila na yi masa wani laifi ban sani ba. Allah ya yafe mini."

Na ce amin, na bar shi a haka. Ranar Litinin aka binne shi.

Har yau in na shiga kasuwar Safana nakan tsaya wajen masu nono in tambayi labarin Ardo. Wata ta ce ya yi Zamfara, wata ta ce ya rasu. Ina so ne in gaya masa cewa ƙwaryar a cike ta bar gidanmu.