Baƙin Layi a Jujin Matar Kawu

Kuskuren da mutanen unguwarmu suka yi a kan mutuwar kajin bara ba wai ɗora wa hayaƙi laifi ba ne. Wataƙila hayaƙin yana da hannu, har yau ban wanke shi ba. Kuskuren shi ne babu wanda ya tsaya ya tambayi wanne ya riga wani, hayaƙin ko mutuwar. Daga mai unguwa har Innata, kowa ya ga abu biyu sun faru a kaka ɗaya, ya haɗa su ya ƙulle, ya koma cin tuwonsa.

A ƙauyenmu, tsakanin Funtua da Malumfashi, maginiya ɗaya ta rage, tsohuwar da kowa ke ce wa Iya mai tukwane. Roba da alminiyam sun kori sauran daga sana'ar. Randar kowane gida a unguwarmu ita ta gina ta. Tara aikinta take yi har a gama girbi, sannan ta jera shi a matoya, wani ɗan kwari da ke bayan katangarmu, ta lulluɓe da kara da buntun shinkafa da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Ranar gashi hayaƙi yakan rufe unguwa, washegari kuma kowace tsakar gida ta tashi baƙa ƙirin da ɓurɓushin ƙonanniyar ciyawa. Tun ina yarinya haka ake. A yi tsaki, a share, a je a sayi tulu.

Bara sai kaji suka kama mutuwa. Kaza ta yi tsuru, ta saki fukafukai, wuyanta ya murɗe, kafin ka nemo wuƙa ta zama mushe. Akurkinmu ya ƙare tas, na maƙwabta ma haka. Kawu, ƙanin Inna da gidansa ke jikin namu, shi ya fi kowa asara kuma ya fi kowa murya. Shi ya tara magidanta suka je wa mai unguwa. Hukuncin da aka dawo da shi: Iya ba ta ƙara gashi a cikin gari, ta nemi wuri can bayan rafi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗanyar randa ya san ba ta tsallake rafi a kan tsohuwa. Ce mata aka yi ta daina, amma cikin ladabi.

Ni abin da ya hana ni sakat ba tausayi ba ne, ba zan yi ƙarya ba. Tambaya ce. Na ce wa Inna, "Farar kazar nan ita ta fara mutuwa. Kafin gashin ne ko bayansa?" Ta ce kafin. Ta sake cewa a'a, baya. Sai ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tambayi mata da dama a wajen famfo, kowacce ta ce washegarin gashin, da lafazi iri ɗaya kamar waɗanda aka biya wa karatu. Tun da aka yanke hukunci, tunanin kowa ya bi hukuncin.

A nan na tuna malaminmu na labarin ƙasa a sakandare. Wata rana ya bar darasin damina da rani ya shiga ba mu labarin duwatsu masu aman wuta. Ya ce akwai lokutan da halittu suka mutu a duniya gaba ɗaya, na ruwa da na tudu, jinsi bayan jinsi, kuma kusan duk inda aka ga irin wannan sai a tarar ƙasa ta tsage a wani yanki ta yi ta zubo narkakken dutse na dogon zamani, kamar a Siberiya da Indiya. Wata a bayana ta ce, "Ke nan dutsen ya kashe su." Ya ce ita ma ta yi saurin da masana suka hana kansu. Dole a fara sanin wanne ya riga. Tokar da dutse ya fesa tana sauka kan komai lokaci guda, ta kwanta ta zama layi a cikin ƙasa. Ƙashin da ke ƙarƙashin layin ya riga aman, na sama ya biyo baya. A cikin tokar kuma akwai ƙananan tsakuwoyi da ko ƙwayar gero ta fi su, masu ɗauke da wani sinadari da ke rikiɗa ya koma dalma a hankali, da saurin da ba ya canzawa. A auna nawa ya rikiɗa, a san shekarun. Ya ce hatta manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru, ana ta gardama a kan ko aman Indiya ne ya raunana su, ko wani dutse da ya faɗo daga sama ya gama da su, ko duka biyun. Jarabawa ba ta tambaye mu wannan ba, shi ya sa ma ya zauna mini a kai.

Mu ba mu da dutse mai aman wuta. Duwatsunmu na shanyar barkono ne. Amma muna da juji. Kowane gida yana tara shara da toka da kashin awaki a kusurwa ɗaya tun daga kaka har gab da damina, sannan a kwashe a kai gona. Sharar yau a kan ta jiya. Kuma tokar murhu fara ce, ta matoya baƙa mai sili-sili.

Na ɗauki shebur na yanki jujinmu daga sama har ƙasa, kamar yadda ake yanka alkaki.

"Yau kuma me aka zubar miki?" in ji Inna daga bakin murhu.

"Kaji nake nema."

"Allah ya shirya. An kai ki makaranta kin dawo kina tonon mushe."

Ban san juji yana da kyau ba sai ranar. Can ƙasa ɓawon gyaɗa, na lokacin da muka ɓare ta. Samansa totuwar masara da ƙaiƙayi. Ga jan layi na ranar da aka daka barkono muka yi ta atishawa. Sai ga shi, baƙin layi siriri, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ya bi jujin daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarƙashinsa kuma, can ƙasa sosai, gashin kaza da ƙasusuwa tuli. Na miƙe ina haki na ce, "Inna, zo ki gani. Sun riga wutar mutuwa."

Ta zo da muciya a hannu, ta leƙa, ta taɓe baki. "Wannan ai ni na haƙa na binne su, don wari. Da fartanyar babanki."

Na sake dubawa. Gaskiyarta. Daidai wurin layin ya yanke, sharar ta cakuɗe sama da ƙasa. Tsaftar Inna ta ɓata mini shaida. Na ji haushi kamar in jefar da shebur, amma abin ya kuma burge ni, don sai na gane waɗancan masanan ma dole suna fama da irin Inna: ruwa, tsutsa, duk abin da ke tona ƙasa ya mayar da na sama ƙasa.

Juji nake buƙata wanda ba a taɓa tonawa ba, na macen da ba ta binne komai. Ban yi dogon tunani ba. Matar Kawu, wadda muke ce wa Anti, daga inda take zaune take wurga shara.

Na same ta a tabarma tana ɓare gyaɗa tana ci. Na ce, "Anti, kajinku da suka mutu, kin binne?"

"Na binne? Uwata ce su?"

"Ina son in tona jujinki."

"Tona. In kin gama ki kwashe shi ki kai gona, ki huta da dawowa."

Jujin Anti littafi ne da ba a yagi shafi ko ɗaya ba. Baƙin layin yana nan ɗoɗar, ba yankewa. Na bi shi a hankali da tsinke da guntun kwano. A samansa gashin kaji ya yi yawa har ba ya ƙirguwa, baƙi da ja da wake-wake, kwance kan juna. Wannan kam ya goyi bayan maganar Kawu. Sai na gangara ƙasan layin. Akwai. Ba yawa, amma akwai: ƙasusuwan kaji kaɗan, kuma can ƙarƙashinsu duka, wasu dogayen fararen gashi da ƙafa mai kauri wadda ba ta kajinmu na gida ba.

"Anti, wannan fa?"

Ta miƙo wuya ba ta tashi ba. "Zakaran da kawunki ya sayo a kasuwar Ɗanja ne, wai zai gyara mana iri. Tun a kwali yake gyangyaɗi."

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama da buhun taki a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi ramin. "'Yar boko, rijiya ake mana?"

Na nuna masa komai, layin, na sama, na ƙasa, ƙafar zakaran. Na yi maganar da sauri fiye da yadda ya kamata a yi wa kawu magana, Anti tana ta yi mini ido. Ya sauke buhun ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, har ya sa yatsa ya shafi baƙin layin ya shinshina.

"To na ji," ya ce. "Zakarana ya riga. Amma ke da kika iya karatun shara, dubi nan. Kafin wutar ɗai-ɗai suke mutuwa. Bayan wutar fa? Kamar an share su da tsintsiya. Mai mura ma in ya shaƙi hayaƙin nan kwanciya yake yi. Wa ya ce miki ba shi ya ƙarasa su ba?"

Na sake duban ramin. Ciwon kaji dama haka yake, ya fara da ɗaya ya bazu. In tsakanin zakaran da wutar kwana kaɗan ne, to lokacin bazuwarsa ne ya zo daidai da gashin Iya. In kuwa an daɗe ciwon yana tafiya a hankali sai bayan wutar ya haukace, maganar Kawu tana da ƙafa. Tsakanin fararen gashin da baƙin layin akwai shara kamar kaurin tafin hannu. Kwana nawa ke nan?

"Anti, sau nawa kike shara a mako?"

"In na ga dama."

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. A nan na ga abin da waɗancan tsakuwoyin masu komawa dalma suke yi wa masu su. Jeri kawai nake da shi, wannan kafin wancan. Su suna da agogo a cikin tokar kanta, kuma duk da agogon ba su gama gardama ba.

Da la'asar na je gidan Iya. Ɗakin da take ajiya cike yake da ɗanyun randuna da tuluna, sun bushe sun yi fari, wasu har sun fara tsagewa a baki. Tana zaune tana murza yumɓu duk da haka, don hannunta bai san zama ba. Na kwashe komai na faɗa mata, har da Siberiya. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"'Yar nan, duk na ji. Zakara ya riga, kaji sun biyo. To, in gasa ko kar in gasa?"

"Ban sani ba tukuna, Iya."

"Ashe wari kawai kika kwaso."

Na fito ina jin zafin maganar. A hanya na yi ta juya ta, na ga juji ya ba ni iyakar abin da yake da shi. Masu binciken duwatsu ba su da ikon cewa dutse ya sake amai su tsaya su kalla. Ni ina da wannan ikon, in an yarda mini. Ciwon ya wuce, unguwa ba kaza ko ɗaya da za a yi asara.

Kafin in kai ƙofar gidanmu na yanke abin da zan yi. Zan je Malumfashi wurin yayata in karɓo 'yan kaji masu lafiya, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da na kasuwa ba. Zan raba su biyu, rabi a kwando jikin katangar matoya inda hayaƙi ya fi bugawa, rabi a can ƙarshen gari. Sannan in shiga wurin matar mai unguwa in roƙa a bar Iya ta yi gashi ɗaya tak, kowa ya zo ya gani da idonsa. Kuma Kawu zan sa ya raka ni, tunda shi ya kawo tambayar da ta fi tawa.