Kifin da ke Ƙasan Takalmi

Babana bai taɓa sayar da kifi ba, ko cinsa ma sai an lallaɓa shi, amma duk layin kasuwarsu Mai Kifi ake ce masa. Takalma yake ɗinkawa, shekara talatin da ɗoriya, a shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe da ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa. Idan ya gama takalmi sai ya ɗauko wani guntun ƙarfe, ya ɗora a ƙasansa, ya sakar masa guduma sau ɗaya. Ɗan kifi ya fito, wutsiyarsa a karkace. Hannun maƙerin da ya yi hatimin ne ya goce, Baba ya ce a bar shi haka. Masu saye ba sa ko duba ɗinki, juya takalmin suke yi, in sun ga kifin su jefa a jaka.

Yana da wata al'ada da shi ya ƙirƙiro abarsa. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa, ranar da zai yaye shi, sai ya je wajen maƙeri a yi masa irin hatimin sak, har karkacewar wutsiyar, ya damƙa masa ya ce, "Je ka, kada ka kunyata min kifi." Mutum tara ya yi wa haka, babu takarda, babu sa hannu, sai addu'a. Na sha yi masa magana, ni babbar 'yarsa mai shisshigi. Amsarsa ɗaya ce: ya nuna min wata takarda da ya sa a gilashi ya rataye saman keken ɗinki.

"Ga rajistata nan, uwar iyayi. Tun kina rarrafe na yi ta."

Ranar wata Talata aka kawo wasiƙa daga ofishin lauyoyi. Ni na karanta masa, sau uku, don biyun farko cewa ya yi ban iya karatu ba. Wai tambarin kifi mai karkatacciyar wutsiya mallakar wani kamfani ne mai rajista, a daina buga shi cikin kwana talatin ko a haɗu a kotu. Kamfanin kuwa na Dogo ne, na huɗu cikin taran nan, wanda yanzu yake da injuna da ma'aikata, yana kai kaya manyan kantuna.

Tun daga ranar zama ya gagari Baba. Ya buɗe shago, ya rufe, ya dawo gida, ya tsaya a tsakar gida kamar wanda ya manta abin da ya zo ɗauka, ya sake fita. Wasiƙar tana aljihu, ya ninke ya warware har ta tsage a gaɓa. Mutumin da bai taɓa ɓata fata ba, sai ga shi ya yanka ƙafar hagu biyu. Mama ta ce in ban kai shi wani wuri ba, zai ƙarar mana da simintin gida da safa da marwa.

Na kai shi wajen wata ƙawata lauya. Ya zo da takardarsa har gilashin, rungume a ƙirji. Ta duba, ta sunkuyar da kai.

"Baba, wannan rajistar sunan shago ce. Tambari rajistarsa daban."

"To ai kifin a shagon yake!"

"Haka ne. Kuma za a iya ƙalubalantarsu, tunda kai ka riga su. Amma sai an kawo shaida mai kwanan wata, kuma za su ce kai da hannunka ka raba wa mutum tara ba tare da wani sharaɗi a rubuce ba. Shari'ar za ta ja, ban kuma yi maka alkawarin nasara ba."

Baba ya miƙe tun ba ta rufe baki ba. Ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da wanda ya koya wa riƙon basilla ba. Daga nan sai ofishin Dogo, ina biye da shi ina haki.

Abin da ya fi ƙona min rai, Dogo har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya yi rashin kunya da na samu abin faɗa.

"Wallahi Baba, ban san har da kai za su aika wa ba. Manyan kantunan nan ba sa karɓar kaya sai da rajistar tambari, shi ya sa na yi. Amma na sa an gyara. Ga takardar izini, kyauta, har ƙarshen rayuwarka. Sa hannu kawai za ka yi."

Baba ya ce in karanta. Na karanta: mai tambari ya ba wa wane izinin amfani da shi.

"Wane ne mai tambarin?" in ji Baba.

Dogo ya miƙa masa biro. Baba ya ajiye masa biron a hankali, muka fito. Da muka koma shago ya jefa hatimin cikin gwangwanin ƙusoshi, ya tura ƙarƙashin benci da ƙafa.

Aiki bai daina ba. Fatar ita ce, ɗinkin shi ne, ni a idona ma ya fi na da kyau. Ina zaune a shagon ranar da wata mata ta shigo, ta ce mahaifiyarta ce ta aiko ta, wai ba ta sa takalmin kowa sai na nan. Ta zaɓi wasu baƙaƙe, ta lanƙwasa, ta yaba. Sai ta juya ƙasan.

"Haba Baba, da girmanka? Ai wannan kwaikwayo ne. Na asali nake so, mai kifi."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, ya ɗaga min hannu. Na ga ƙafarsa ta taɓa gwangwanin nan, ƙusoshin suka yi ƙara, sai ya janye ta.

"Ki miƙe titin nan, 'yata," ya ce, "za ki ga gini mai gilashi a hannun dama. Ɗinkinsa ba laifi. Ni na koya masa."

Ta fita. Ya ɗauki takalmin da ta ajiye, ya daɗe yana murza babban yatsansa a wurin da babu komai.