Mataimakin da Alhaji Ya Ɗauka

A shekarar da ƙasa ta ɗauki zafi kan wanda kowane ɗan takarar shugaban ƙasa zai ɗauka mataimaki, mu ma a kasuwar Ose da ke Anaca muna da namu ƙaramin zaɓen. Ƙungiyarmu ta 'yan albasa da barkono za ta sake ciyaman. Da safe a teburin mai shayi sai hirarrakin biyu su cakuɗe. Wani ya ce dole mataimaki ya fito daga wani ɓangaren ƙasa, wani ya ce addini ne abin dubawa, wani kuma ya ce a bar duk wannan a nemo mai kawo ƙuri'a. Kafin shayi ya huce an baro Abuja an dawo kan rumfunanmu.

Wanda kowa ke ganin zai ci shi ne Alhaji, babban dillalin albasa, aminin mahaifina. Tare suka zo Anaca suna samari, tare suka yi aure a nan, kuma da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mana. Baba nake ce masa. A garin aka haife ni, Ibo a bakina kamar Hausa, don haka duk lokacin da Alhaji zai zauna da shugabannin kasuwa ni ne tafintansa. Mutane suka fara kirana mataimaki da wasa, ni kuma na fara amsawa da wasa. Har shadda na kai wa tela, ban gaya wa kowa dalili ba.

Wata la'asar bayan an idar da salla, Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya ɗauki abokin takara. Sai ya kamo hannun wani Bakatsine mai barkono.

Wannan mutum bai daɗe da zuwa garin ba idan aka kwatanta da mu. Busasshen barkono yake sayarwa a can ƙarshen layi, kullum idonsa ja, kullum cikin atishawa, ga dariya da ake jiyowa tun daga bakin titi. Ibonsa bai wuce gaisuwa ba, Turancin kasuwar ma karya shi yake yi matan da ke saye suna ta kwasar dariya. Abin da na fi tuna shi da shi kuwa, ya taɓa miƙewa a taro ya ce wa Alhaji wurin da ake sauke kaya bai dace ba, alhali Alhaji ne ya zaɓi wurin.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma zafin bai daɗe ba, son sani ya danne shi. Me Alhaji ya gani a jikin mutumin nan? Na juya tambayar a raina har na gaji, sai na tafi shagonsa. Na same shi yana tsaye a kan yaransa suna tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi gajiya, sannan na rasa ta inda zan fara.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji shi.

"Baba, ba wai ina jayayya ba ne. So nake in fahimta."

Ya dube ni ya ce, "Duk wanda zai zaɓe ka a kasuwar nan, ya riga ya zaɓe ni. Gidanmu ɗaya, mutanenmu ɗaya. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, in na ce maka gobe a rufe kasuwa, me za ka ce?"

Na ce, "Sai in ce to, Baba."

"Ka ji ko? Kunyata kake ji. Ni kuma na san halina, in raina ya ɓaci ba na gani."

Na fito da amsa a hannu, amma ba ta ishe ni ba. Masu iya musu da Alhaji ai suna da yawa, wasunsu sun fi Bakatsinen arziki da daɗewa. Sai na ƙudura zan riƙa lura da shi.

Lokacin neman ƙuri'a na ga abin da ban zata ba. Alhaji yana bin manyan dillalai shago shago, shi kuwa Bakatsine sai ya nufi ƙananan 'yan kasuwa masu kasa albasa a faranti, da samarin da suka baro ƙauyuka suna dako. Ya zauna a kan buhu ya sa hannu a kwanonsu, ya tambayi kowa garinsu, ya tsokani Bazazzagi, ya tsokani Basakkwace. Ban taɓa jin ya ce a zaɓe shi ba. Kullum maganarsa ita ce Alhaji zai yi, Alhaji ya ce. Aka yi zaɓe, suka ci, kodayake ba da tazara mai yawa ba.

Damina ta shigo, irin ruwan Anaca da ba ya gajiya. A cikinta ne aka wayi gari wasu buhunan albasa sun ɓace daga babbar rumfa, inda masu dako ke kwana. Alhaji ya kira taro ransa a ɓace, ya ce daga ranar kada a sake ganin mai dako ya kwana a rumfar. Na juya na dubi Bakatsine, domin na san yaran nan nasa ne. Yana zaune a gefen Alhaji ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Na ce a raina, ashe kujera ta rufe masa baki.

Bayan an watse ina shagon Alhaji muna maganar wata mota da ke hanya, sai ga shi ya shigo. Ya gaishe da Alhaji, ya dube ni kamar yana son in fita, Alhaji ya ce in zauna.

"Ranka ya daɗe, hukuncin nan bai yi ba," in ji Bakatsine. "Ba mu san wanda ya ɗauka ba. Yaran nan ba su da kowa a garin nan. In suka koma kwana a tasha ko ƙarƙashin gada, 'yan sintiri za su kwashe su, wasu kuma su faɗa hannun ɓata-gari."

Alhaji ya ɗaga murya. "Kai ne ciyaman ko ni?"

"Kai ne. Shi ya sa na biyo ka nan, ban faɗa a can ba."

Alhaji ya ce ya gama magana. Bakatsine ya ce to, Allah ya huci zuciyarka, ya fita. Washegari ya dawo da maganar, aka sake korarsa. Ya sake dawowa. Ba ya ɗaga murya, ba ya fushi, wani lokacin ma sai ya fara da labarin da zai sa Alhaji murmushi ba da son ransa ba, sannan ya zame ya koma kan yaran. A ƙarshe Alhaji ya sassauta, amma ba gaba ɗaya ba. Ya ce duk yaron da wani ɗan kasuwa zai tsaya masa, ya dawo ya kwana. Bakatsine ya tsaya wa da yawa, ya kuma bi mutane yana roƙo su tsaya wa sauran. Ni ma ya ɗora mini biyu. Ɓarawon dai ba a taɓa gano shi ba.

Ina wurin lokacin da ya tara yaran ya gaya musu. Ya ce Alhaji ya duba halin da suke ciki ya tausaya musu, su je su yi masa godiya. Suka tafi a ayari. Da muka rage mu biyu na ce masa, "Malam, ai kai ka yi aikin nan. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya yi atishawa, ya goge ido da gefen riga, ya ce, "Ɗan gari, in na ce ni ne, gobe kasuwar nan tana da ciyaman biyu. Mai ƙara ya zo wurina in Alhaji ya hana shi, ya je wurin Alhaji in na hana shi. Wa zai iya da wannan wahala?"

Daga ranar na zama malami a teburin mai shayi. Duk wanda ya tayar da zancen mataimaki, na Abuja ne ko na jiha, sai in ce ni na gano sirrin: a samo wanda zai iya faɗa maka gaskiya a ɗaki, ya rufa maka asiri a waje, kuma ba ya kwaɗayin kujerarka. Ina faɗa ina jin daɗin kaina.

Ana nan sai idon Alhaji ya matsa masa, 'ya'yansa suka tafi da shi Kano aka yi masa aiki. Ya daɗe bai dawo ba. Ragamar ƙungiya ta koma hannun Bakatsine, ni kuma na zama tafintansa. A nan na ga wani gefen nasa. A da in muka zauna da shugabannin kasuwa, Alhaji yakan fara da abin da yake so. Shi kuwa sai ya bar su su yi ta magana, yana cewa in fassara masa komai, har abin da suka faɗa a tsakaninsu. Da haka ya gane cewa abin da ya fi damunsu shi ne motocinmu da ke tare hanyar masu keke da okada. Ya buga wa Alhaji waya ya nemi izini, Alhaji ya ce ya yi abin da ya gani. Aka sauya wurin sauke kaya, rigimar da ta daɗe tsakaninmu da su ta mutu.

Da Alhaji ya dawo da baƙin tabarau, ƙafar mutane ta riga ta saba da layin barkono. Mai matsala sai ya fara zuwa can. Bakatsine yana maido su, yana cewa ciyaman ya dawo. Amma kowa ya ga abin da ya gani.

Da wa'adinsu ya kusa cika, wata safiya ya zo shagon Alhaji, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa. Ya ce mutane sun matsa masa ya tsaya takara, shi ma kuma ya duba zuciyarsa ya ga yana so. Ya ce bai yarda Alhaji ya ji a bakin wani ba. In Alhaji zai huta ya sa masa albarka, zai fi jin daɗi. In kuma zai sake tsayawa, to za su haɗu a akwatin zaɓe, ba kuma zai faɗi mugun abu a kansa ba.

Alhaji ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Tashi ka je. Zan tsaya."

Ni Alhaji na zaɓa, ba zan iya yin wani abu dabam ba. Bakatsine ne ya ci. Kwana da kwanaki ina kauce wa teburin mai shayi, saboda abokaina na jira su tambaye ni ina mataimakin nan da ba ya kwaɗayin kujera.

Bayan ƙura ta lafa na sami Alhaji shi kaɗai, na tambaye shi ko ya yi nadamar ɗaukarsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Haushi dai na ji, har yanzu ina ji," in ji shi. "Amma da na tafi Kano, barci nake yi. Da na ɗauki wanda ba zai iya ba, da daga gadon asibiti zan riƙa rabon faɗa. Wanda ya iya kuwa, wata rana sai ya so kujerar. Ban san yadda ake raba su ba."

Ni ma har yau ban sani ba. Alhaji ya daɗe ba ya bi ta layin barkono, ko da can ne hanyarsa ta fi kusa. Sabon ciyaman kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya biyo ta shagonsa ya zauna a benci. Alhaji ya jero masa kurakuran da ya yi a makon, wasu gaskiya, wasu neman magana. Shi kuma ya saurara, ya yi musu a kan wasu, ya karɓi wasu, sannan ya yi sallama ya koma rumfarsa.