Shirun da Aka Yanke daga Gangar Baba

Baba makaɗin noma ne, kuma tun ina yaro na san mutane sun rasa inda za su ajiye kiɗanshi. A ƙauyenmu, kusa da Sheme a ƙasar Faskari, sauran makaɗa cewa suke ba kiɗa yake ba, gardama yake da ganga. Mata kuwa sun ce ba ya rawuwa: ka ɗaga ƙafa, kafin ka sauke ya sake hanya ya bar ka a tsaye. Yana da mutanenshi da ke bin shi, masu ƙananan ganguna, da mai ƙaho, da wani da ba abin da yake bugawa sai tsohuwar galma da guntun ƙarfe. Kowa ya kama gabanshi, sai ka rantse ba su san da juna ba, can kuma sai su haɗu wuri guda kamar an ƙirga masu. Bayan na girma na zama malamin firamare, na taɓa jin wasu baƙaƙen Amurka a rediyo, masu busa da ganguna, ana ce wa kiɗansu jaz. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ashe Baba yana da 'yan uwa a wannan haukar.

A gona aikinshi yake, ranar gayya. Mai gona ya gayyato majiya ƙarfi, su jeru kowa da galmarshi, Baba na biye da su da gangar noma a rataye. Kowane manomi da takenshi, guntun kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake. In Baba ya buga taken mutum sai ya ɗaga gularshi ta kiɗa sama, kowa ya yi tsit, har mai ƙaho. Mai taken ya miƙe, ya ɗaga galma, ya yi kirarinshi, sai ya dire sannan gula ta sauko. Wasu makaɗan ba su jira, suna ta kiɗa ƙarƙashin muryar mutum. Baba ya ce wannan rashin mutunci ne, ka kira mutum kuma ka hana shi amsawa. Akwai wani dogo mai in'ina, kirarinshi ɗan kaɗan ne, amma kafin ya fitar da shi ka sha fura ka wanke ƙwarya. Baba bai taɓa katse shi ba, kuma ba a yi wa dogon dariya in Baba na wurin.

Sai daji ya lalace. Ba sai na faɗa wa ɗan Katsina abin da 'yan bindiga suka yi mana ba. Gonakin nesa aka fara bari, sannan na kusa. Wa zai tara maza a fili ya buga ganga, ya shaida wa na cikin daji ga inda muke? Gayya ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Cikin manoman Baba wasu a gonakinsu aka harbe su, wasu an tafi da su har yau ba labari, wasu suna can birane suna dakon kaya. Muka kwaso Baba muka dawo cikin Ƙanƙara, ɗaki guda a gidan haya. Gangar tana rataye a ƙusa, shi yana zaune ƙarƙashinta, ba mai taɓa wani.

Ranar da na ga kofin shayi na rawa a hannunshi na dama, na san lokaci ya fara ƙure mana. Ni ban gaji kiɗa ba, ƙannena ma haka, kuma ba a taɓa ɗaukar Baba ko a kaset ba. In hannun nan ya tafi, shi ke nan, sai dai in riƙa ba 'ya'yana labari da baki, su ce Malam ya fara. Na ce mashi zan kai shi sitidiyo a ɗauki kiɗanshi.

“Gangar noma cikin ɗaki?” in ji shi. “In kaɗa ma wa, bango?”

Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kwanaki ba na gaishe shi da sakin fuska. Ko gezau. Wanda ya karya shi mai ƙahonshi ne, shi kaɗai ya rage cikin ƙungiyar. Bamaguje ne, abokin Baba tun suna kiwon awaki, daga baya ya shiga coci, mu dai Kawu muke ce mashi. Gudun hijira ya kai shi wurin ɗiyarshi a Sabuwa. Na kira shi a waya, tsohon nan ya hau mota ya biyo hanyar da matasa ma sai sun yi addu'a suke bi, ƙahonshi a naɗe cikin buhu.

Ko zama bai yi ba ya ce, “Aradu in ba ka zuwa, ni kaɗai zan je in busa, a ce ni ne shugaba tun asali.”

“Kai?” in ji Baba. “Kai da ba ka san inda kiɗa ya dosa ba sai na taka maka ƙafa?”

Da safe Baba ya riga mu sauko da gangar.

Sitidiyon shago ne a bayan kasuwa, an manna katifu a bango, janareta na kuka a waje. Mai wurin magidanci ne, mutumin kirki, aikinshi waƙoƙin biki da na siyasa, duka da fiyano da kwamfuta yake yin su. Har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baba. Ya so ya ɗauki kowa daban, ya sa wa Baba abin ji a kunne mai ƙwanƙwasa a hankali don kada kiɗa ya kauce. Baba ya cire ya miƙa mashi.

“Ɗana, fitar mani da ƙwaron nan daga kunne. Ni ba agogo nake kaɗa ma ba.”

Aka bar su shi da Kawu gaban makirfo guda. Baba ya rufe ido. Da farko hannun ya yi ta rawa, na ce shi ke nan mun makara. Sai ganga ta kama, ƙaho ya bi ta wata hanya can daban, tsigar jikina ta tashi. Ya buga taken sarkin nomanmu, ya ɗaga gula. Shiru. Ba abin da ake ji sai janareta. Mai sitidiyo ya riƙa yi mashi alama ta gilashi ya ci gaba, Baba bai san yana yi ba. Can gula ta sauko, ya shiga taken wani, ya sake ɗagawa. Wannan shirun gajere ne, don mai taken da sauri yake magana.

Ban gane abin da ake yi ba sai da ya zo kan taken dogon nan mai in'ina, wanda aka kashe yana noman gyaɗarshi. Gula ta tsaya a sama. Ta daɗe, ta daɗe, hannun na karkarwa amma bai sauke ba. Leɓɓan Baba na motsi, yana bin kirarin kalma kalma, har inda dogon ke sarƙewa ya sake farawa. Kawu ya aje ƙaho a cinya, hawaye na bin gemunshi. Kowane mutum Baba ya bar mashi daidai lokacinshi. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma ban taɓa alfahari da ubana kamar ranar ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare jerin, rigarshi sharkaf da zufa.

Da za mu tafi na ce wa mai sitidiyo, “Don Allah kada ka taɓa komai.”

“Haba Malam,” in ji shi, “sai dai ɗan gyara, a share ƙura. Za ka ji daɗinshi.”

Kawu ya koma Sabuwa. Ba a jima ba ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, muna alwala ya zame a gefena. Muka yi ta asibiti, na manta da wani kiɗa, sai da aka sallamo mu na leƙa shagon. Mai wurin ya tare ni da fara'a, ya zaunar da ni, ya kunna.

Gangar Baba ce, ƙahon Kawu ne, amma take na hawa kan take ba numfashi. Ƙarƙashinsu ga kiɗan kwamfuta na tafiya ɗam ɗam ɗam, ga fiyano na zaƙi a sama.

“Na cike maku ramukan duka,” in ji shi. “Tsufa ne, yana mantuwa ya tsaya. In an bar su haka mutane za su ce memori ne ya lalace.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi ihu har masu shagunan kusa suka leƙo. Na ce ina na farkon, wanda ba a taɓa ba? Ya ce ya goge, kwamfutar ta cika, ga mawaƙan siyasa sun yi layi. Na kira shi da sunayen da malamin makaranta bai kamata ya sani ba. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, idonshi ya kawo ruwa, don shi a ranshi gata ya yi wa tsoho, ya rufa mashi asiri. A sana'arshi shiru aibi ne. Na so in tsane shi, abin ya ƙi, wannan ma ya ƙara mani takaici.

Sake ɗauka babu. Hannun Baba ya tafi, ɗiyar Kawu kuma ta ce ƙirji ya kama shi, ko hura wuta ba ya iyawa.

Na ɓoye wa Baba, na ce ba a gama ba. Amma abin ya riga ya fita, masu cajin waya na tura wa mutane, 'yan acaɓa na sa shi a bakin tasha. Wata rana da hantsi yana kwance a zaure wani ya wuce da shi a waya. Ya kira ni da bakinshi da ya karkace.

“Wannan ba gangata ba ce?”

Na zauna gefen tabarmar na kunna mashi a wayata. Ya saurara, ido rufe. Taken sarkin noma ya wuce, na gaba ya hau kanshi, na ga goshinshi ya tattare. Da aka zo kan na dogon, leɓɓanshi suka fara motsi, sai wani taken ya faɗo.

“Tsaya!” in ji shi, da ƙarfin da ban san ya rage mashi ba. “Tsaya, bai gama ba!”

Na danna na tsayar. Muka zauna shiru, shi yana bin kirarin a ranshi, ni ina kallon bango don kada ya ga fuskata. Can ya ɗaga yatsan hagu, na saki.

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar. In take ya ƙare in tsayar, in ya ɗaga yatsa in saki. Bai taɓa tambayata wa ya yi wannan aikin ba, bai zagi kowa ba. Na yi ta cewa a raina zan zauna in koyi kirarin kowa daga bakinshi, amma bakin ya riga ya yi nauyi, abin da ke fitowa ba ya ganuwa. Kafin damina ta zagayo maganar ta ɗauke gaba ɗaya, yatsan ne kawai ya rage. Daga baya Allah ya karɓi abinshi.

Yanzu ni ke kunnawa ni kaɗai, in yara sun tafi makarantar allo. Taken mutum ya ƙare, in danna in tsayar kamar yadda muka saba. Sai in zauna da wayar a hannu, ban san kirarin kowa ba, ban san wa ya gama wa bai gama ba, kuma babu wanda zai ce mani in saki.